Kalmar da kakanni suka ajiye a tsibirin Simeulue



A wannan fitowa za mu yi nisan zango, zuwa wani tsibiri da galibinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Sunansa Simeulue, yana cikin tekun Indiya, kimanin kilomita 150 daga gaɓar yammacin Sumatra, a lardin Aceh na ƙasar Indunusiya. Mazaunansa musulmi ne, masunta da manoman kanumfari da kwakwa.

Manya daga cikinmu ba su manta da ranar Lahadi 26 ga Disamba 2004 ba. Wajen ƙarfe takwas na safe agogon can, aka yi girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku mai ƙarfin maki 9.1, ta tayar da igiyar ruwan nan da duniya ke kira tsunami. Mutum kusan 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, kuma wajen 170,000 daga cikinsu ƴan Aceh ne, ƙasar da ake yi wa kirari da Barandar Makka saboda daɗewarta cikin musulunci. Simeulue na cikin wuraren da suka fi ko'ina kusa da inda girgizar ta taso. A lokacin yana da mutum kimanin 78,000, kusan dukansu a bakin ruwa. Waɗanda ruwan ya ci a tsibirin bakwai ne.

Ba su da na'urar gargaɗi, babu jiniya, babu sanarwar rediyo. Abin da suke da shi wata kalma ce ta harshensu, smong, da labarin da ke tare da ita.

Asalin labarin yana komawa ga ranar Juma'a 4 ga Janairu 1907. Ƙasa ta girgiza, sai teku ya ja da baya, ya bar kifi yana wutsil-wutsil a kan yashi. Jama'a suka ga abin kamar arzikin da ya faɗo, suka ruga tsinta da kwanduna. Suna nan ruwan ya komo, ya shanye ƙauyuka. Tsofaffin tsibirin sun ce har a kan itatuwan kwakwa aka riƙa sauko da gawarwaki. Waɗanda suka tsira ba su gina gunki ba, ba su sassaƙa dutse ba. Sun zuba abin da suka gani cikin bakin ƴaƴansu. Kaka tana faɗa a labaran dare da suke kira nafi-nafi, mawaƙa suna rerawa a cikin nandong, waƙar gargajiyarsu ta taro, uwa kuma tana sawa a waƙar reno tana jijjiga jariri. Saƙon gajere ne, ko yaro ɗan shekara biyar zai riƙe: in ƙasa ta yi girgiza mai ƙarfi, ka ga teku ya janye, kada ka tsaya ɗaukar kaya, ka nufi tudu.

Shekara 97 ana maimaita wannan magana ba tare da wani smong babba ya zo ba. A nan ne abin ya fi ba mu mamaki. Mun san halin yara da zancen tsofaffi, mun kuma san sau nawa mu kanmu muka ce wa iyayenmu zamani ya canza. Amma matan nan ba su gaji ba, har ta kai ga jikan jikan wanda ya ga abin da idonsa ya san shi kamar yadda ya san hanyar masallacin unguwarsu. Da safiyar ta zo, girgiza na lafawa aka fara ihu ana kiran sunan, aka goyi jarirai, aka tallabi tsofaffi, aka hau tudu. A ƙauyen Langi da ke arewacin tsibirin, ruwan ya iso cikin ƴan mintoci, ya share gidaje, bai sami kowa ba. A shekarar 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama mutanen tsibirin da yabon Sasakawa na rage illar bala'o'i.

Gaskiya ɗaya ce, yanayin ƙasarsu ma ya taimaka. Tuddai suna kusa da ƙauyukansu, ba kamar birnin Banda Aceh ba da ke shimfiɗe a fili. Sai dai tudu ba ya amfanar wanda bai san ya kamata ya hau shi ba. A can babbar ƙasa, harshen Aceh yana da tsohuwar kalma ta irin wannan ruwa, ie beuna, amma ta riga ta fita daga bakin jama'a. Da teku ya janye a wasu gaɓoɓin, an sami mutane sun sauka kallo da tsintar kifi, daidai yadda kakannin Simeulue suka yi a 1907.

Bayan masifar, duniya ta ga hotunan masallatai tsaye su kaɗai a tsakiyar kufai. Babban masallacin Baiturrahman na Banda Aceh ya zama mafakar jama'a a ranar, na Rahmatullah da ke Lampuuk kuwa yana dab da teku, komai na kewayensa ya tafi, shi ya rage. Masana gini sun yi bayanin cewa ginshiƙai masu ƙarfi da ƙofofi buɗaɗɗu sun bar ruwa ya ratsa ya wuce. Wannan bayani bai rage wa mumini komai ba, domin Wanda ya tsare ginin Shi ya halicci sababin tsarewar. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne saurin bakin da wasu masu wa'azi suka yi a lokacin, suna yanke hukuncin cewa azaba ce ta sauka saboda zunuban mutanen. Wa ya ba su labarin gaibu? Cikin mamatan akwai jarirai da almajirai da limamai. Da yawa daga mutanen Aceh sun ɗauki abin a matsayin jarrabawa, suna samun sanyi da bushara da ta zo a hadisi ingantacce cewa wanda ya nutse yana cikin shahidai. Mutanen Simeulue kuwa sun yi gudu suna salati, kuma ba wanda ya ce musu gudun ya saɓa wa tawakkali.

Aceh tana tunawa da ranar ta hanyarta. Duk 26 ga Disamba ana taruwa a manyan kaburburan bai-ɗaya, irin na Siron inda aka rufe fiye da mutum 46,000, akasari ba a san sunayensu ba. Iyali kan zauna a kan ciyawa su karanta Yasin ba tare da sun san a wane gefe nasu yake kwance ba. Masunta ba sa fita a ranar, bisa umarnin Panglima Laot, wato sarakunan ruwansu na gargajiya, waɗanda dama tun asali suka hana shiga teku ranar Juma'a. An bar wani jirgin kamun kifi a kan rufin gida a Lampulo inda ruwa ya ɗora shi, shi ne ya ceci mutum 59. A gidan tarihin tsunami da aka buɗe a 2009 akwai wani ɗaki mai duhu da tsawo kamar rijiya, bangonsa cike da sunayen mamata, can sama inda haske ke shigowa an rubuta sunan Allah. Har yaƙin da aka fara a 1976 tsakanin gwamnati da ƴan awaren Aceh ya ƙare bayan ruwan, da yarjejeniyar Helsinki ta 15 ga Agusta 2005.

Duk wannan tunawa ce mai kyau, haƙƙin mamata ne a kan rayayyu. Amma an gwada ta ranar 11 ga Afrilu 2012, da wata girgiza mai ƙarfin 8.6 ta auku. Mutanen Banda Aceh ba su tsaya kallon teku ba, wannan ci gaba ne. Sai dai sun fito da motoci da babura gaba ɗaya, hanyoyi suka cushe, dogayen gine-ginen mafaka da aka yi musu kusa da gaɓa kuwa kaɗan ne suka hau. Allah ya kiyaye, babban ruwa bai zo ba. Tsoro sun riƙe shi, abin yi ne bai riga ya zauna musu a ƙafa ba kamar yadda ya zauna wa ƴan'uwansu na tsibiri, waɗanda suka sami shekara kusan ɗari suna bita a bayan iyaye mata.

Jariran da aka goya zuwa tudu a 2004 yanzu sun zama manya, wasunsu da nasu goyon. A Simeulue an sa smong cikin sababbin waƙoƙi da kiɗan zamani don matasa su saurara, tunda masu nandong suna tsufa.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba iyalansu haƙuri, ya tsare mu da zuriyarmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in sha Allahu.