Kamfani Ya Mutu, Iri Ya Tsira

Yau za mu waiwayi tarihin wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta wadda ta yi zamaninta ta wuce, domin akwai darasi a ciki ga ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati tun daga Karakara har Gaya.

A shekarar 1998 wani Bafaranshe mai suna Gaël Duval ya fito da Mandrake, reshe daga tsarin Linux wanda Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991. Sirrinta a buɗe yake, kowa na da damar kwafa, ya gyara, ya raba. Farin jininta kuwa sauƙin da ta kawo wa wanda ba gwani ba ne. Kamfanin ya shiga matsin bashi a 2003, ya farfaɗo a 2004, sannan a 2005 ya haɗe da Conectiva na Brazil, sunan ya koma Mandriva.

Har maƙwabciyarmu Nijeriya labarin ya iso. A 2007 aka zaɓi Mandriva domin kwamfutoci 17,000 na ƴan makaranta. Da aka ji ana shirin musanya ta da Windows, shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft, Steve Ballmer, yana kokawa. Duk da haka ciniki bai tsayar da kamfanin da ƙafafunsa ba, a 2015 aka rufe shi.

To amma irin bai mutu ba. Tun 2010 tsofaffin ma'aikatansa suka ɗauki rubutun manhajar suka kafa Mageia, kuma dokar manhajar ce ta ba su wannan izini. Da sirrin a kulle yake, da tare da kamfanin aka binne shi.

Saboda haka, Alhaji mai sayo kwamfuta ta hannu daga Kwatano ta gadar Malanbil, da malam akawu mai ajiye takardun haraji da na haihuwa, ku tambaya kafin ku zuba amanarku a cikin na'ura: in mai manhajar ya rufe ƙofa gobe, wa zai buɗe mana lissafinmu? Zanen aro ba ya rufe katara. A ajiye kwafi a waje dabam, a kuma zaɓi irin fayil da kowace manhaja ke iya karantawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.