Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Ƙawata Wuraren Biki da Furanni a Kankiya da Kusada



Daga Kafinsoli nake kira gare ku da ku kafa ƙungiya. Ku ne ke ɗaure furanni a rumfar kamu, ku ƙawata kujerar ango da amarya, wasunku kuma na rainon dashe a cikin ledoji a bakin hanya. Amma kowa na tafiya shi kaɗai: wannan ya karya farashi, wancan ya biya kuɗin mota zuwa Kano don 'yan furannin roba, waɗanda ƙurar hunturu ke dusashewa bayan biki biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masu furannin Amurka sun haɗa kai a 1910 suka kafa ƙungiyar FTD, domin mai shago a wani gari ya cika odar takwaransa na wani garin. Manoman Kenya sun kafa Majalisar Furanni a 1996, kuma yau furen wardinsu na cika kasuwannin Turai.

Don haka ku zauna, ku zaɓi shugabanni, ku yi rajistar ƙungiyar gama kai. Ku tsayar da farashi na adalci, ku riƙa sarin kaya tare, ku ɗauki matasa koyon sana'a. Ku nemi horo kan rainon furanni masu jure zafi daga cibiyar NIHORT, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Hukuma ta fi sauraron ƙungiya a kan mutum ɗaya.

Allah ya sa albarka a sana'arku.

Naku,
Ɗan'uwanku daga Kafinsoli