Siddabarun Kwamfuta A Finafinan Sadaukai: Wa Ke Da Laifi?

Duk magidancin da ke da yara a gida, a Landan yake zaune ko a Kumasi ko a Jidda, ya san sunayen Spider-Man da Batman da Black Panther ko da bai taɓa zama ya kalli ɗaya daga cikinsu ba. Mu da finafinan Indiya da na Caina muka tashi, 'ya'yanmu kuwa da waɗannan sadaukan Amurka masu tashi sama suka buɗe ido. Tunda kuwa kuɗin tikiti da na gugguru daga aljihunmu suke fita, muna ganin muna da bakin magana kan wani ƙorafi da ya yi yawa cikin 'yan shekarun nan, wato cewa kuɗin da ake kashewa wajen shirya waɗannan finafinai sai ƙaruwa yake yi, alhali siddabarun kwamfutar da ke cikinsu sai ƙara muni yake yi.

Ƙorafin dai yana da tushe. A shekarar 2017 an fitar da fim ɗin Justice League wanda aka ce ya lashe kusan dala miliyan 300. Da aka dawo sake ɗaukar wasu sassansa, sai aka tarar Henry Cavill, mai fitowa a matsayin Superman, ya tsayar da gashin baki saboda wani fim na daban da yake yi, kuma masu wancan fim ɗin suka hana shi askewa. Sai aka sa kwamfuta ta share gashin bakin. Abin da ya fito wani leɓe ne mai kama da na roba, wanda ya zama abin dariya a duniya baki ɗaya. A 2023 kuma aka sami The Flash, inda jarirai suka riƙa faɗowa daga benen asibiti kamar 'yan tsana, sannan aka ƙera siffar marigayi Christopher Reeve, wanda ya rasu tun 2004, da wata fuska busasshiya marar rai. Da aka yi wa daraktan fim ɗin, Andy Muschietti, magana, sai ya ce ai da gangan aka yi wasu sassan haka. To, Allah Ya kyauta.

Ko Black Panther na 2018, wanda muka yi alfahari da shi, wanda ya tara fiye da dala biliyan 1.3, kuma da shi aka sake buɗe silima a Riyad bayan kimanin shekara 35 tana rufe, bai tsira ba. Duk wanda ya kalli faɗan ƙarshe da aka yi a kan layin dogo cikin ramin ma'adinai ya san cewa ba mutane biyu yake kallo ba, wasu zane-zane ne guda biyu suke ta tsalle ba nauyi ba ƙashi, kamar wasan gem na yara.

A nan ne muke son mai karatu ya ɗan dakata, domin mafi yawan masu suka kan ɗora laifin a inda bai dace ba. Wasu su ce kwamfuta ce ta kashe fim, wasu su ce masu zanen ne ba su iya ba. Mu dai ba mu yarda da ko ɗaya ba. Ai a shekarar nan ta 2018 aka fitar da Avengers: Infinity War, kuma mugun cikinsa, Thanos, kwamfuta ce ta ƙera shi tun daga kai har ƙafa bisa motsin fuskar Josh Brolin, amma har tamojin goshinsa da ƙwallar idonsa mutum na gani ya yarda. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, irin na'ura ɗaya. Me ya sa wancan ya yi kyau wannan ya ɓaci?

Amsar tana wurin tela. Kowa a cikinmu ya san ɗinkin daren sallah. Ka kai wa gwanin tela shadda mai tsada saura kwana biyu, ya yanka, ka dawo ka ce ka sauya ra'ayi kan wuyan riga, gobe ka sake dawowa ka ce a rage hannu, kuma ka ce ba za ka ƙara ko sisi ba. Ranar idi rigar ta fito a karkace, sai ka bi gari kana cewa tela bai iya aiki ba. Haka manyan kamfanonin Holiwud suke yi wa masu aikin siddabarun nan. Sukan sanar da ranar fitar fim tun kafin a gama rubuta labarinsa. Sukan ɗauki 'yan wasa a gaban koren ƙyalle ba tare da an yanke shawarar abin da zai kasance a bayansu ba, da sunan za a gyara daga baya. A Avengers: Endgame na 2019, fararen kayan da sadaukan suka sa don komawa zamanin baya duk na kwamfuta ne, saboda har aka ɗauki fim ɗin ba a tsayar da magana kan yadda kayan za su kasance ba. A can an yi sa'a aikin ya fito tsaf, amma ba kullum ake yin sa'a ba. Masu iya magana dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Su kuwa kamfanonin da ke yin aikin, kwangila suke nema, kowa na karya farashi don ya samu, kuma galibi a kan kuɗi tsayayye. Idan darakta ya sauya ra'ayi sau goma, sau da yawa asarar a kansu take faɗawa. Ƙarshenta ma'aikaci ne zai kwana a gaban kwamfuta, a Landan ko Kanada ko Mumbai ko Nuzilan. Mu da muka san wahalar aiki a ƙasar wani, da tsoron kada ka yi magana a ce maka gobe kada ka zo, bai kamata mu shiga sahun masu yi wa waɗannan bayin Allah dariya ba. A tuna da kamfanin Rhythm & Hues, wanda ya ƙera damisar fim ɗin Life of Pi. A watan Fabrairun 2013 ya bayyana cewa ya karye, kuma cikin watan nan aikinsa ya ci kambun Oscar. Da shugaban ayarin, Bill Westenhofer, ya fara ambatar halin da suke ciki a kan dandamali, sai aka ɗaga kiɗa aka kashe masa makirufo. A Fabrairun 2025 ma rukunin Technicolor, uwar kamfanin MPC da ya yi aikin The Lion King na 2019, ya durƙushe, ɗimbin ma'aikata suka wayi gari ba aiki.

Sai kuma haɗama. A shekarar 2021 kaɗai Marvel ya saki finafinai 4 da shirye-shiryen talabijin masu dogon zango guda 5, kowanne na buƙatar ɗaruruwa ko dubban hotunan kwamfuta. Gwanaye nawa ne a duniya da za su ɗauki wannan kaya? Shi ya sa She-Hulk da Thor: Love and Thunder na 2022 da Ant-Man na 2023 suka sha suka. Abin takaici ma, daraktan Thor ɗin, Taika Waititi, da kansa ya zauna a gaban kyamara yana zolayar yadda wani halitta na cikin fim ɗinsa ya fito, kamar ba shi ne ya amince da aikin ba. A watan Satumban 2023 ma'aikatan siddabaru da ke ƙarƙashin Marvel kai tsaye suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago ta IATSE, ba wanda ya ce a'a. A shekarar ce kuma shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya amsa cewa yawan ya rage ingancin.

Za a iya ce mana ai idon mai kallo ne ya buɗe, kuma da can ma akwai munanan hotuna. Gaskiya ne, domin Hulk na 2003 ya sha nasa zagin. Amma a duba yadda magabata suka yi amfani da na'urar. A Jurassic Park na 1993, dabbobin da kwamfuta ta zana ba su wuce 'yan mintoci ba, sauran duk ƙeraru ne da aka gina da hannu. A Spider-Man 2 na 2004, wanda ya ci Oscar a wannan fanni, hannayen ƙarfen Dakta Octopus a wurare da yawa na gaske ne, mutane ke motsa su. A The Dark Knight na 2008, tirelar nan da ta wuntsila da gaske aka kifar da ita a kan titin birnin Shikago. Idon ɗan Adam ya san nauyi, ya san yadda haske ke sauka a kan abu, kuma idan aka ba mai zane wani abu na gaske a cikin hoton, yana da ma'aunin da zai daidaita nasa aikin da shi. Idan kuwa komai zane ne, ƙasa da sama da riga da abokin faɗa, da me zai auna?

Hujjar da ta fi ƙarfi daga Japan ta zo. Godzilla Minus One na 2023 an yi shi da kuɗin da bai kai dala miliyan 15 ba, mutum 35 ne suka yi hotuna 610, kuma a Maris ɗin 2024 ya doke manyan Holiwud, har da Guardians of the Galaxy na uku, ya ɗauki Oscar. Daraktansa, Takashi Yamazaki, shi ne kuma mai kula da siddabarun, don haka ya san abin da yake so tun kafin a kunna kyamara.

Mu masu sayen tikiti abu ɗaya ke hannunmu. Waɗannan kamfanoni cinikin kwanaki ukun farko suke zuba wa ido, shi ya sa suke cika mu da talla don mu ruga kafin labari ya bazu. Babu abin da zai same mu idan muka ce wa yara su haƙura da mako guda har mu ji daga bakin waɗanda suka gani. Kuma idan mun je, mu daure mu zauna har sunayen ƙarshe su gama wucewa, tunda dai yaran ba sa barin a tashi saboda ɗan guntun da ake ɓoyewa a ƙarshe. A nuna masu dogon jerin sunayen nan na masu zane, a cikinsu akwai na Indiya da na Koriya da na ƙasashe barkatai, su san cewa mutane ne suka yi Thanos.