Maikin Kwatarkwashi da ungulun mahauta: Wa ke ƙirga tsuntsayen Zamfara?

Duk matafiyin da ya taso daga Tsafe zuwa Gusau ba zai rasa ganin Dutsen Kwatarkwashi ba, a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Masana tsuntsaye na ƙarnin da ya wuce sun rubuta wannan dutse a matsayin mashahurin wurin da maiki ke sheƙa a Najeriya, kuma tarihin garin na ɗauke da bikin kamun maiki. Wannan tsuntsu ne ya taɓa karo da jirgin sama a samaniyar Abidjan a 1973, a nisan mita 11,300 daga ƙasa. A 2015, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi tare da ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa.

A jihar da 'yan bindiga suka hana manoma zuwa gona, wani zai ce maganar tsuntsu ta masu ƙoshi ce. Tarihin Zamfara ya ƙaryata haka. A farkon 2010, agwagi suka fara ɓacewa a ƙauyukan da ake niƙa duwatsun zinare, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Daga baya gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Hukumar CDC ta Amurka ta riƙa kafa misali da wannan lamari: tsuntsayen sun yi gargaɗi, amma babu mai saurare.

Darasin Indiya ma haka yake. A shekarun 1990, maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulun ƙasar, domin suna cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa. Mushe ya taru, karnukan titi suka yawaita, ruwa ya gurɓata. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya kiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Sai a 2006 gwamnatin Indiya ta haramta bai wa dabbobi maganin. Zamfara jihar kiwo ce, kuma ungulu ce ma'aikaciyar tsafta da ba ta karɓar albashi.

A nan gida, babbar barazanar ita ce kasuwa. Ana sayen kan ungulu da ƙwanta da gashinta don haɗa maganin tsibbu, kuma ƙarancinta ne ke ƙara mata tsada, tsadar kuma ke ƙara wa mafarauta ƙaimi. Sai sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai don yin gawayi, da gubar da ake zubawa a mushe. Dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, tana nan a takarda. Hukunci a kanta ne ya yi ƙaranci.

Hukumomi kuwa ba su cika tuna tsuntsaye ba sai jan baki ya sauka kan gero da shinkafa. Nan take ake neman jirgin feshi. Kare abincin manomi wajibi ne, amma gubar fenthion da aka saba fesawa ba ta tantance jan baki da shaho ko shirwar da za ta ci gawarsa.

Matakin farko ba ya buƙatar biliyoyi. Dazuzzuka irin su Kuyambana sun yi wa masu bincike wuyar shiga, amma mahautar Gusau da kasuwannin dabbobi na Tsafe da Bunguɗu suna cikin gari. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau za su iya ƙirga ungulu a waɗannan wurare kowane wata, tare da sarakunan fawa da masarautar Kwatarkwashi, a kuma wallafa alƙaluman. Ya kamata 'yan majalisar jiha su tambayi ma'aikatar muhalli nawa ta ware wa namun daji, su kuma nemi rahoton abin da kowane feshi ya kashe. Iyayen Bagega da Dareta sun riga sun biya farashin watsi da irin wannan gargaɗi.