Kura da shan bugu: Ina kujerar matanmu a kwamitocin kasuwa?

'Yan uwana 'yan kasuwa, na Gadarif da na Gallabat da sauran kasuwannin bakin iyaka. Yau akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na kuma san wasunku ba za su ji daɗinta ba, to amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sanin kowa ne cewa a watan Disamba na shekarar 2023, lokacin da Madani ta faɗi, jama'a sun kwararo Gadarif ba adadi, aka cika makarantu da masallatai da gidajen 'yan uwa. Ba a gama numfasawa ba, a tsakiyar 2024 sai ga mutanen Sinja da ƙauyukan Sinnar, cikinsu har da danginmu Hausawa masu yawa. Aikin rediyo ya kai ni wurare da dama a wancan lokaci, kuma abin da na gani da idona shi ne, kafin motar wata ƙungiyar agaji ta iso, tukunyar matan unguwa ta riga ta hau wuta. Wannan ta kawo mudun dawa, waccan ta kawo kuɓewa busasshiya, wata ta fasa kuɗin adashenta aka sayo gawayi. Su ne suka san wace ce mai jego, wane yaro ne ya rabu da uwarsa a hanya, wace tsohuwa ce ba ta iya cin abu mai tauri. Yawancin takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka da suka riƙe ran mutane, hannun mata ne ke juya muciyarsu tun asuba.

To, rannan aka kira taro a wata makaranta domin a kafa kwamitin da zai karɓi kayan agaji ya raba. Na je da rikodata. Aka zaɓi shugaba, aka zaɓi mataimaki, da sakatare, da ma'aji, maza zalla. Matan da suka yi makonni suna ciyar da wurin suna can bayan aji wajen murhu, ba wanda ya aika a kira ko ɗaya. Ni ma, don kada in ɗora wa wasu laifi in tsame kaina, hira na yi da shugaban na kama hanya. Sai da na koma ina sauraren abin da na ɗauko na ji ƙarar tabarya a bayan muryarsa, sannan kunya ta kama ni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Abin da ya faru a makarantar nan shi ne ke faruwa a kasuwanninmu kullum. Ku duba kwamitin kasuwarku, ko lajana kamar yadda muke cewa a nan. Mata nawa ne a ciki? Amma wa ke sayar da shayi da gahawa a bakin rumfunanku? Wa ke soya gyaɗa, wa ke dama godogodo, wa ke sheƙar riɗi da tsintar tsakuwa a cikinsa kafin ya hau ma'auni? Suna biyan kuɗin shara, suna biyan na wurin zama, idan ma'aikatan ƙaramar hukuma suka fito kasha kujerunsu da butocinsu ake fara lodawa a mota. Ranar da za a sake tsarin rumfuna ko a ƙara kuɗin tikiti kuwa, sai dai su ji a bakin yara. Haka idan aka rufe iyakar Gallabat da Matamma, kamar yadda aka yi a 2024, babban ɗan kasuwa yana da abin da zai jingina da shi har a buɗe, ita kuwa mai ƙaramin jari da ke sarin gahawar Habasha kilo kaɗan, cikin mako biyu ta cinye uwar kuɗin. Da aka je kai kuka wajen hukuma, kukan manyan motoci aka kai.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne canjin kuɗi. A watan Disamba na 2024 babban bankin ƙasa ya fara canza takardun fam 500 da fam 1000, Gadarif na cikin jihohin da aka yi aikin, kuma sharaɗin shi ne mutum ya zuba tsofaffin kuɗinsa a asusun banki. Ku da kuke da Bankak a wayoyinku abin ya zo muku da sauƙi, in ban da wahalar layi. To ina kuɗin mata suke? Suna cikin akwati, suna ƙarƙashin katifa, suna hannun uwar adashe, wato sanduƙ ɗin da kusan kowace unguwa take da shi. Buɗe asusu yana buƙatar lambar ɗan ƙasa, raƙam waɗani, kuma mu Hausawa mun san irin tambayoyin da ake yi mana kafin a ba mu ita, balle matar da ba ta taɓa shiga ofis ba. A kwanakin nan matan da suka bugo waya shirinmu kusan magana ɗaya suke yi: sun miƙa kuɗinsu ga miji, ko ƙane, ko wani mai shago, ya zuba a asusunsa. Wasu an riƙe musu amana, Allah ya saka wa waɗanda suka riƙe. Wasu kuwa har yau ana ba su kaɗan-kaɗan kamar masu roƙo, alhali guminsu ne. Da akwai mace ko ɗaya a kwamitocin da suka riƙa zama da jami'an banki da na hukuma, da tun ranar farko ta ce a kawo teburin rajista cikin kasuwa saboda mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san amsar da za a ba ni, domin an sha ba ni ita a wajen shan shayi: wai wannan ba al'adarmu ba ce, ra'ayin mutanen Hartum ne da 'yan boko. Jama'a, mu yi waiwaye. Mu da kakanninmu da yawa suka baro ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, bai kamata a ce mun manta da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ba. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ba ta tsaya a rubutu ba, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ake zaɓar dattijuwa mai hankali daga ƙauye a naɗa ta jaji, a ba ta malfa alamar muƙami, ta riƙa jagorantar mata zuwa wajenta ɗaukar karatu su koma su koyar da na gida. Ta rasu a 1864, tun Bature bai taka Sakkwato da sojansa ba. Ashe ke nan shugabancin mace a kan al'amarin mata, da naɗi da alama da aiki sananne, daga gidan Shehu muka gaje shi. Wanda ke tsoron cuɗanya sai ya dubi yadda ta yi, domin ta warware masa matsalar tuntuni.

A nan Sudan ma muna da abin nunawa. Mace ta farko da aka ji tana waƙa a gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, A'isha Fallatiya ce, haifaffiyar Kasala, jinin mutanenmu na yamma, kuma 'yar malami. Ta sha tsangwama kafin a karɓe ta, ta rasu a 1974, yau kuwa duk ƙasar na alfahari da ita. Ni da nake cin abinci da makirfo ba na iya wuce sunanta. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, matan Sudan sun samu cikakken 'yancin zaɓe bayan juyin Oktoba na 1964, har Fatima Ahmad Ibrahim ta shiga majalisa a 1965. A lokacin 'yan uwansu na Kano da Zariya ba su da ƙuri'a, Hajiya Gambo Sawaba tana ta shan ɗauri a kan neman ta, sai a ƙarshen shekarun 1970 suka samu. Wato Bahaushiyar Gadarif ta riga ta Kano samun damar zaɓen ɗan majalisa da fiye da shekara goma, amma har yanzu ba ta da ta cewa a kan inda za ta ajiye murhunta a kasuwa.

Kada kuma wani ya ce mu jira gwamnati ta tsara. Dokar zaɓe ta 2008 ta ware wa mata kashi 25 cikin ɗari na kujerun majalisa, aka yi aiki da ita a zaɓen 2010, amma jam'iyyu ne suka rubuta sunayen, kuma ban ga abin da ya canza a rayuwar mai sayar da shayi ba. Takardar tsarin mulki ta 2019 ta yi alkawarin kashi 40, majalisar ma ba a kafa ta ba har aka yi juyin mulkin Oktoba na 2021. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Awadiyya Mahmud Koko, mai sayar da shayi a Hartum, wadda tun 1990 ta haɗa kan masu shayi da masu abinci suka yi ƙungiya mai rajista, domin idan an kwashe kayan ɗaya a samu masu zuwa ofis da takarda a hannu. Mata dubbai suka shiga, har a 2016 aka karrama ta a Amurka. Ba wanda ya ware mata kaso.

Saboda haka roƙona ga shugabannin kasuwanninmu ba mai tsada ba ne. A ba mata kujera a kwamiti, kujera mai ƙuri'a, kuma su matan kasuwar ne za su zaɓi wadda za ta zauna a kanta. Na faɗi haka ne da gangan, domin na san halinmu, muna iya ɗauko matar shugaba ko ƙanwar ma'aji mu ce an cika sharaɗi. Idan an tambaye ni ma, kusa da akwatin kuɗi zan ajiye ta, a sa hannunta ya zama dole kafin a fitar da ko fam ɗaya. Matar da ta yi shekara goma tana riƙe adashen mutum talatin ba littafi, ba a taɓa kai ta gaban mai unguwa ba, wane darasin amana za mu koya mata? Mu kuwa kwamiti nawa muka gani ya watse a kan kuɗin da aka ce an kashe wajen sallamar baƙi? Sannan a daina sa taro bayan isha'i a ce mata sun ƙi zuwa. A sa shi bayan la'asar, a cikin kasuwa, inda mijinta da kowa ke ganinta.

Ku ma iyayenmu da yayyenmu mata akwai naku. Wasunku idan na zo da rikoda sai ku ce in je in tambayi maigida, alhali maigidan bai san nawa ake sayar da buhun gawayi ba. Uwayen adashe su haɗu su fitar da mutum biyu ko uku da za su yi magana da sunan sauran, kuma aikin farko shi ne a rubuta sunayen duk matan kasuwa da ba su da lambar ɗan ƙasa, a kai wa kwamiti ya raka su ofishin rajista a rana ɗaya. Alhazan da ke da motoci, kuɗin man kai su da dawo da su bai kai ribar buhu biyu na riɗi ba.

Idan aka gama kakar riɗi aka natsu, zan zaga kasuwannin da ƙafata za ta iya kaiwa, daga cikin gari har Gallabat, in tambayi kowane shugaban kwamiti sunayen 'yan kwamitinsa. Abin da aka faɗa mini shi zan karanta a shirin rediyo, kasuwa bayan kasuwa, kuma wannan karon zan fara tsayawa wajen masu shayi kafin in shiga ofis.