Yaron Kurfai da bakinsa yake zuwa lakwal, mu ne ke rufe shi

A watan Maris na 2025, kundin sabunta ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar faransanci da turancin Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wasu sun yi guɗa, wasu sun ɓata fuska, aka yi ta muhawara a fadoji da gidajen rediyo a kan ko an fifita wata ƙabila bisa wata. Amma duk cikin hayaniyar, ba mu ji wanda ya yi tambayar da ta fi shafar talakan Filinge ba: yaron da uwarsa ta kai aji na CI a Shikal, da wane harshe mushe zai yi masa magana ran farko, kuma shi yaron za a bar shi ya buɗe baki?

Bari mu fara da abin da masu bincike suka gano game da baki da kunne, domin a nan ne tushen maganar yake. A 1984, wasu masana biyu a ƙasar Kanada, Janet Werker da Richard Tees, sun gwada jariran iyaye masu turancin Ingilishi da sautukan wasu harsuna da ba su taɓa ji ba, ciki har da harshen Hindi. Jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana rarrabe sautukan nan sarai. Amma kafin ya cika shekara, kunnensa ya riga ya karkata ga harshen gidansu, bambancin da ba ya ji a gida ya fara ɓace masa. Wato tun yaro bai iya tafiya ba yake aikin harshe. Ɗan Kurfai mai shekara 7 ya san baki daban, baƙi daban. Ya san kafa ba ƙafa ba ce. Yana jin hawa da saukar murya da tsawon wasali, abin da Bafaranshe mai digiri kan shekara yana fama bai kama ba. Yana kai saƙo kasuwa ya dawo da canji daidai, yana tatsuniya, yana kacici-kacici, yana gardama da ƴan'uwansa. Sau da yawa ma, a wannan yanki na Dallol Boso, yana jin Zabarmanci bayan Hausarsa, ba tare da an saya masa alli ko na dala ɗaya ba.

To wannan dukiya ce lakwal ke cewa ya ajiye a ƙofar aji, kamar takalmi a ƙofar masallaci. Mushe ya faɗi jimla da faransanci, yara masu yawa su maimaita da murya ɗaya, mai wucewa ya ce karatu na tafiya. Alhali kuwa amshi ne kawai. Iyayenmu sun san zamanin sambol, abin wulaƙancin nan da ake rataya wa yaron da ya kuskura ya yi harshen uwarsa. Ko an daina ratayawa, darasinsa bai mutu ba: yaro ya gane cewa abin da ya sani ba shi da daraja a nan, sai ya yi shiru.

Masana karatu sun daɗe da bayyana dalilin da ya sa wannan hanya ba ta ɓullewa. A 1986, Philip Gough da William Tunmer sun nuna cewa fahimtar rubutu ta dogara ga abu biyu tare: iya haɗa baƙaƙe su zama kalma, da fahimtar maganar in an faɗe ta da baki. In ɗaya ya rasa, ɗayan ba ya tsinana komai. Yaro na iya furta duk abin da ke bisa allo tsaf, bai san ko zaginsa ake ba. Shi kuwa Jim Cummins, tun 1979 ya kawo hujjar cewa abin da yaro ya ƙware a kansa cikin harshensa na farko yana ƙetarawa da shi zuwa na biyu. Wanda ya iya karatu da Hausa ba ya sake koyon karatu daga tushe, faransanci kaɗai ya rage masa. Cummins ya kuma lura cewa baƙon harshe irin na littafi yana cin shekara 5 zuwa 7 kafin ya zauna. Mu kuwa muna so ɗan manomi ya yi lissafi da shi tun watan farko.

Wani zai ce ai wannan binciken Turawa ne a kan ƴaƴan Turawa. To ga namu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda aka fara koyarwa da Hausa. Daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Tsarin shi ne yaro ya yi shekarun farko da harshensa, faransanci na shigowa sannu a hankali, har ya karɓi ragama a manyan azuzuwa. A 2002, Mart Hovens ya wallafa sakamakon gwajin da aka yi wa ɗaliban waɗannan makarantu da na makarantun faransanci zalla. Waɗanda suka fara da harshen gida sun fi iya karatu da rubutu, har a cikin faransancin kansa. Ajinsu ya fi rai, yara na tambaya, suna ba da amsa. Kuma waɗanda suka fi cin moriya su ne ƴaƴan karkara da ƴan mata, wato dai yaran Kurfai da ire-irensu. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga irin haka a Ile-Ife, a shirin da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara shekara 6 cur da Yarabanci.

Abin takaici, bayan shekara 25 da farawa, makarantun gwajin nan ba su wuce 40 da ƴan kai ba a ƙasa baki ɗaya. Gwaji ne da ya ci jarrabawa aka hana shi sartifika. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunanmu a makaranta, dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa 10. Takardu dai ba mu rasa su ba. Amma da shirin PASEC ya auna ɗalibai a 2014, cikin yara 10 da suka kai ƙarshen firamare a Nijar, ko 1 cikakke bai kai matakin karatun da ake bukata ba. Awon 2019 ya nuna an ɗan matsa gaba, sai dai mafi yawa har lokacin suna ƙasa da matakin.

Me ya hana? Ana cewa kuɗi, ana cewa littattafai, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a ganina babban cikas mu ne, ma'aikata da muka ci abinci da faransanci. Da shi muka samu kujera, da shi muke bambanta kanmu da ƙanenmu da ke kiwo. Mukan yaba harshen gida a taro, mu kai ƴaƴanmu makarantar kuɗi a Yamai. Talaka kuwa ba wawa ba ne. In ya ga ɗan darakta ba ya ajin Hausa, sai ya ɗauka an ware wa ɗansa ilimin ƙasƙanci ne. Tsoronsa na da hujja, tun da konkur da takardun ofis duk da faransanci ake yin su. Amsar da ya cancanta a ba shi ita ce sakamakon 2002: ta harshen gida ɗansa zai fi saurin kaiwa ga faransancin da yake nema masa.

Sai kuma gargaɗi ga masu murnar kundin 2025. Binciken bai ce Hausa ta fi sauran harsuna ba. Cewa ya yi a fara da harshen da yaro ke ji. A gundumar Filinge kaɗai, Kurfai na Hausa, Tondikanja na Zabarmanci, a Imanan kuma ana jin Tamajak da Zabarmanci, ga rugagen Fulani a tsakani. In aka ɗora wa ɗan Damana Hausa tun ran farko, an canza masa bulala ne kawai, dukan na nan. Ko cikin Hausar ma da sauran magana. Bakurfaye “hwara” yake cewa inda littafi ya rubuta “fara”. Mushen da zai tsaya yana gyara masa baki, yana nuna masa maganar uwarsa kuskure ce, ya dawo da sambol ta ƙofar baya. Daidaitaccen rubutu na da amfaninsa, amma a bar shi ya zo bayan yaro ya saki jiki.

Ba mu manta ba cewa rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi, kamar yadda aka ƙidaya a 2023. Wannan ma hujja ce a gare mu. Yaron da watakila shekara 3 kacal zai samu a aji kafin gudun hijira ko aikin gona ya ɗauke shi, gara ya fita ya iya rubuta wasiƙa da lissafin bashi da harshensa, da ya fita da gaisuwar faransanci kaɗai. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin darajar yaron shago da ya iya riƙe littafin ciniki.

Abin da muke nema ga ma'aikatar ilimi ba shi da tsadar gina aji. A riƙa tambayar harshen da malami ke ji kafin a tura shi ƙauye, domin har gobe ba dabara ba ce a kai wanda ba ya jin Hausa aji na CI a Shikal. A koya wa malamai a makarantun horo yadda ake sa yaro magana: ya ba da labari, ya bayyana yadda ake shuka hatsi, ya yi tambaya ba tare da tsoro ba. Ƙungiyoyin iyayen yara na Filinge kuma su nemi a faɗa musu, a ƙarshen kowace shekara, yara nawa ne a aji na CP ke iya karanta jimla ɗaya su faɗi ma'anarta da bakinsu.