Kada Mu Raina Karatun Soja

Ran nan a ɗakin cin abinci na ji wani ɗan'uwanmu ɗalibi yana dariya, wai digirin da soja ya ke samu yana zaune a bariki ba digiri ba ne, takarda ce kurum. Maganan nan ta sosa mini rai, gama wana kofur ne, irin karatun nan kuwa ya ke yi.

Ga asalin abin. A 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida, watau NOUN. A 1984 gwamnatin soja ta dakatar da ita. Sai a zamanin mulkin Obasanjo, wanda shi ma tsohon soja ne, aka sake buɗe ta. Daga baya shi kansa ya shiga ya zama ɗalibi, har ya karɓi digirin dakta a 2018 yana da shekara 80. Ashe gemu ba ya hana ilmi. Jami'an nan ta buɗe wa sojoji wurin karatu har cikin bariki, kamar na Sobi a Ilorin.

Ɗalibinta ba ya zuwa aji kullum. Littattafansa suna cikin waya ko kwamfuta, aikin gida ta intanet a ke aikawa, amma jarrabawa tilas ya je a sa masa ido kamar kowa. Wana ba ya buɗe littafi sai an tashi daga fareti. Bara aka kai su daji a Borno, jarrabawa ta zo ta wuce ba ya nan. Da ya komo bai yi gunaguni ba, ya sake daga inda ya tsaya. Mu fa? Ga malamai, ga laburare, ga ƙararrawa mai tashe mu, duk da haka muna kukan aiki ya yi yawa!

Kada kuma mu manta, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 ta wannan hanya ta horar da malamai masu yawa. Wanda ya raina karatu daga nesa, watakila malaminsa na firamare ya raina.

Amma fa akwai gyara, ba na musu. Babbar wahalar mai karatu shi kaɗai ita ce rashin wanda zai tambaya. Lissafin da malami zai warware cikin minti 5, wana ya kan kwana uku a kansa. To, nan ne mu ke da abin yi. Shawarata ita ce mu nemi izni wurin Shugaban makaranta, kowace Asabar da la'asar waɗansunmu su je barikin da ke kusa su zauna da masu karatun nan awa biyu. Su sun sami mai fahimtar da su, mu kuwa mun sami wurin gwada koyarwa. Ina kuma roƙon manyan hafsoshi, in hali ya yi, su riƙa ba yaransu dama lokacin jarrabawa.

Ku tuna, kaki ba rigar har abada ba ce. Ran da soja ya tuɓe ta, ga iyali, ga sauran ƙarfi a jika, me zai yi? Ni dai na fi so in ga wana riƙe da alli a gaban aji, da in gan shi riƙe da kulki yana gadin ƙofar wani.